Ranar da Yaron Alhaji Zai Buɗe Shafinsa

A ofishin sayar da kaya na masaƙar da na yi wa akawu a Sharaɗa akwai wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ba ya kwana a kan tebur. Da yamma manaja ya kulle shi a sef, da safe ya fito da shi da hannunsa. Kowane dila yana da shafinsa: sunansa a sama, a hagu yadin da ya ɗauka, bandir kaza ranar kaza, a dama abin da ya biya. Yawancin sunayen na alhazan Kantin Kwari ne, sai 'yan kaɗan na Sabon Gari, da wasu mutanen Maraɗi da Damagaram masu wakilai a Fagge.

Wanda ya buɗe littafin zai ɗauka alhazan nan kullum suna ofishinmu. Ina! Alhaji yana iya shekara bai taka ƙofar masaƙa ba. Yaronsa muke gani. Shi ke zuwa da a-kori-kura, ya tsaya a kan 'yan dako har su gama lodi, ya ƙirga, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, bayan mako biyu ko wata guda ya dawo da kuɗi a buhu ko da cek a aljihu. Amma ka bi shafin daga sama har ƙasa, ba za ka ga sunansa ba.

A kan yi shekara bakwai, goma, wani lokaci fiye, ana haka. Sai wata rana Alhaji ya sallame shi, ya ba shi jari da ɗan wurin kasa kaya, yaro ya zo yana son a buɗe masa shafi da sunansa. A nan ake zaman shawara. Shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya bashi da sunan wani, za a lissafa masa su, ko kuwa daga farko zai fara? Masaƙun Kano ba su suka ƙirƙiro wannan tambaya ba. A kasuwa suka tarar da ita, har da amsarta.

Tun kafin Turawa, fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke tafiya Gwanja sarin goro. Ayari kan yi watanni a hanya a ƙarƙashin madugu, jakuna ɗauke da kanwa da riguna da kayan fata, a sauke a Salaga, a juyo da goro. A kowane babban zango akwai fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in mai sayen ba shi da kuɗi a hannu shi zai ce a ba shi ko kar a ba shi. Yaro kuwa da korar jaki yake farawa. In ubangida ya ga hankalinsa sai ya bar shi ya ɗora ɗan ƙunshin kansa a kan jakin gida, daga baya a aike shi shi kaɗai, ya sauka gidan fatoman da ubangidan ke sauka. Duk abin da aka ba shi a can, da sunan maigidansa aka ba shi. Amma fatoma yana da ido. Ya san wanda ke kwana kusa da kaya da wanda ke bin kiɗa cikin dare, ya san wanda lissafinsa ke fita daidai. Ranar da yaron ya zo da jakunan kansa, fatoma ba ya neman takarda.

Malaman zaure, masu karantar da Risala da Muhtasar, sun daɗe da raba wa 'yan kasuwa abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai wakili, akwai mai lamuni. Wakili ya karɓi kaya ne da yawun wani, in kuɗi suka maƙale ba wuyansa za a kama ba, matuƙar bai yi sakaci ko ha'inci ba. Mai lamuni kuwa ya sa wuyansa, in wanda ya tsaya wa ya kasa, shi zai biya a gaban alƙali. Yaron kanti wakili ne. Komai yawan dukiyar da ta ratsa hannunsa, bai taɓa cin bashi ba, saboda haka bai taɓa biyan bashi ba. An ga amanarsa wajen isar da kuɗin wani. Ko zai iya zaro nasa ya biya ranar da kasuwa ta ƙi, wannan ba a gwada ba tukuna.

Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Ya tarar cinikin shanu a can kusan duk bashi ne. Falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauta Yarabawa su ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya. Maigidan da ya sauki falken shi ke lamuni, dillalansa kuma su ke riƙe da tarihin kowane mahauci a ka: wane yana biya a kan lokaci, wane sai an bi shi gida, wane bashi ya yi masa yawa a wasu gidajen.

A Kano gyaɗa ce ta shigar da wannan al'ada littafin Bature. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, a shekarar da ta biyo gyaɗa ta fara gangarawa Ikko. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san manomi ba. Dole suka nemi wanda za su danƙa wa kuɗi ya shiga ya tara musu, kuma waɗanda suka samu fataken goro ne, masu sabon aika yaro tafiyar watanni da dukiya. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, ya yi fataucin goro kafin ya shiga gyaɗa. A 1918 Niger Company ta ɗauke shi wakilin saye, da aka haɗe ta da wani kamfani aka kafa UAC a 1929 ya ci gaba da su. Kuɗin daki-daki suke gangarowa: kamfani ya ba attajiri, attajiri ya raba wa yaransa, yara su raba wa 'yan baranda, har ya kai ga mai awo a kasuwar ƙauye. A littafin Bature kuwa suna ɗaya ne, na attajirin, don in an samu giɓi mutum ɗaya yake son kamawa. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949 aka koma ba da lasisin saye, sai ƙofar ta ƙara ƙunci. Mai neman lasisi sai ya nuna jari da sito, da shaidar zai iya tara tan masu yawa. Yaron da ya shekara ashirin yana sayen gyaɗa, tan ɗinsa duk a lasisin wani aka rubuta su.

Masana'antu a kan wannan turba suka hau. Bompai ce ta fari, tun ƙarshen zamanin Turawa, da injinan matsar man gyaɗa irin na P.S. Mandrides, da masu alewa da turare da barguna, daga baya kamfanin fulawa na Arewa ya zauna a titin Maimalari. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Sharaɗa ta buɗe kashi-kashi a shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, sannan Challawa can hanyar Panshekara, inda kamfanonin fata suka tare. Masu masana'antun garin Kwarori ne da Indiyawa da 'yan Sin, da attajiran gida irin su Alhaji Isyaku Rabiu mai masaƙar Bagauda da Alhaji Nababa Badamasi mai Gaskiya. Injin saƙa ba ya jiran mai saye. Dare da rana yadi na fitowa, sito na cika, albashin ma'aikata na jiran ƙarshen wata. Dole a ba da kaya bashi, kuma dole a san wa za a ba.

Ga yadda muke yi. Alhaji da kansa zai kawo yaron, ranar ce muke ganinsa. Ya zauna, a kawo masa lemo, ya ce, "Malam akawu, ga yaronku nan, na sallame shi. A taimaka masa." Manajanmu Ba'indiye ne mai Hausar kanti, saboda haka ni ke yi musu tafinta. Tambayarsa ba ta canzawa: "Alhaji, ka san shi ne, ko ka tsaya masa?" In Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Ai yaron kirki ne, ban taɓa kama shi da komai ba," mun gane. Shaida ya bayar, bai sa wuya ba. In kuwa ya ce, "A ba shi bandir 50, in ya ci a rubuta a shafina," nan take ake jan layi a sabon shafi. Alhazai ba su cika faɗin ta biyun ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya faɗa ma yakan yanka iyaka, kaya kaza, wata kaza.

In shaida kawai aka samu, sai bincike ya koma cikin gida, kuma a nan shekarun yaron ke yi masa aiki. A tambayi kashiya: kuɗin da yake kawowa suna cika, ko kullum sai an ce saura kaza, gobe? A tambayi mai sito: yana ƙirga kaya da kansa? In an yi kuskure an ƙara masa bandir, yana dawowa da shi? Har maigadi da direbobi ana jin ta bakinsu, su suka san wanda ke karkatar da mota ya sauke wani abu a hanya kafin a isa Kwari. Ni kuma a sa ni in duba watannin aikin Hajji. Dabarar manaja ce, kuma har yau ina ganin ta fi sauran duka. Alhaji ya tafi Makka, a zamanin da babu wayar hannu, kanti da makulli da masu sari duk suna hannun yaro mako biyar ko shida. In biyan waɗannan makonni ya shigo a kan rana, bana da bara da bara waccan, to ba Alhaji ne ya biya ba. Yaron ne ya bi bashi rumfa-rumfa, ya hana kansa taɓawa, ya kawo. Wannan kaɗai ne ɓangaren shafin da muke iya cewa nasa ne.

Duk da haka ba a ba shi abin da ake ba ubangidansa, ko kusa. Wanda ya saba fita da mota cike zai fita da abin da amalanke ɗaya zai ɗauka, a ce masa mako biyu. Ya biya, a ƙara. Wasu kan ji zafin wannan. Na tuna wani da ya dafa tebur ya ce mini, "Haba Malam, ni da nake kawo muku buhun kuɗi, yau ni ake auna wa kamar mai sayen gishiri?" Na ce masa, "Buhun Alhaji kake kawowa, ɗan'uwa. Naka muke jira mu gani." Bai ji daɗi ba, amma kafin a daɗe shafinsa ya cika an buɗe masa wani. Baƙon da ba mu taɓa gani ba kuwa, ko ya zo da takardar banki, sai ya jima yana biya hannu da hannu kafin a yi masa maganar bashi.

Ɗan Alhaji na cikinsa wani babi ne. Yana da sunan, amma sau da yawa bai taɓa tsayawa a rana ana lodi ba, yana makaranta. In ya zo ana yi masa tarbar da ba a yi wa yaron kanti, har da kujera mai laushi. Amma a zuciyar manaja kayan da aka ba shi uban aka ba, don an san Alhaji ba zai bari a ja sunan gidansa a Kwari ba. Ranar da Allah ya yi wa uban rasuwa aka shiga rabon gado, sai ka ga shafin ɗan ya tsaya cak, na tsohon yaron gida yana tafiya.

Kada a ɗauka tsarin nan adalci ne zalla. Makullinsa yana hannun mutum ɗaya. Akwai alhazan da ke riƙe yaro har furfura ta fara fito masa, in lokacin sallama ya matso a ƙirƙiro masa giɓi a lissafi. Yaron da ya fita ba da sallama ba, ko da shi ke da gaskiya, babu masaƙar da za ta buɗe masa shafi, don labari ya riga shi isowa daga Kwari, kuma ba manajan da zai ɓata da babban dila saboda ƙarami. Mata kuwa ba a ma maganarsu. Yadi nawa ne daga wanda muke fitarwa ya ƙare a ɗakunan matan aure masu sayarwa a cikin gida, dillaliya na zagayawa da shi gidajen biki, ana biya kaɗan-kaɗan ko in an kwashi adashi? Na san hajiyoyin da suka fi mazansu iya karɓar bashi da biyansa, amma da sunan miji ko ƙane ake fitar musu da kaya. Ban taɓa rubuta sunan ɗayarsu a saman shafi ba.

Sunan ubangida yana ɗaga yaro, yana kuma faɗuwa da shi. Daga tsuke bakin aljihu na 1982 zuwa zamanin layin madara da sabulu, kaya suka yi ƙaranci har abin ya juye, dila ne ke ajiye kuɗinsa a masaƙa yana jiran rabo. Da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, rini da kayan gyaran inji suka yi tsada, aljihun mai saye ya bushe. Bashi ya dawo, amma da haɗari. A shekarun 1990 yadin waje ya cika Kwari ta kan iyakar Nijar, a 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da shi, ga wutar NEPA babu, ga baƙin mai ya yi wuya. Manyan diloli suka fara karyewa. In Alhaji ya karye da kuɗin kamfani a kansa, yaronsa da ya zo neman shafi sai a ce ya je tukuna, ko da kowa ya san ba shi ya ci ba. Daga baya masaƙun ma suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Yau ka ratsa Sharaɗa ko Bompai, gine-gine da yawa sun koma sito, ana jibge kayan ƙasar Sin. Kashiya ya koma garinsu, manaja ya koma ƙasarsu, mai sito ya rasu. Shaidar da ke kawunansu ta tafi da su.

Wanda ya tayar mini da wannan tsohon zance ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Amurka. Yayansa, wanda ya riga shi zama can, ya sa an ƙara sunansa a katinsa na bashi, banki ya buga masa kati a kan asusun yayan. Yana saye da shi, amma biyan yana wuyan yayan. Ya bugo mini waya: "Kawu, kai da ka yi aikin bashi, in na je neman katin kaina wannan zai yi mini amfani?"

Amurkawa ma da shaidar baki suka fara. A 1841 wani ɗan kasuwar New York, Lewis Tappan, ya kafa ofishin da ke tara rahoto a kan 'yan kasuwar garuruwa daga bakin lauyoyi da sauran mutanen gari: wane yana shan giya, wane ya yi aure, wane yana da gona. Aikin fatoma ne aka mai da shi takarda ana sayarwa. Daga nan aka gangaro ga manyan kamfanoni uku masu riƙe da tarihin bashin jama'a, Equifax da Experian da TransUnion, da makin auna cancantar bashi na FICO da ya fito a 1989, mai tashi daga 300 zuwa 850.

Shigar mai riƙe da katin wani cikin wannan lissafi kuwa saboda mata aka yi ta. Kafin 1974 matar aure a can tana cikin halin hajiyoyinmu. Ita ke cefane da katin, wata ma da albashinta ake biya, amma tarihin na miji ne. In ya mutu ko aure ya mutu, banki ya ce bai san ta ba. Dokar daidaita damar samun bashi ta 1974, da ƙa'idojin da Babban Bankinsu ya fitar a ƙarƙashinta, suka wajabta a riƙa rubuta tarihin irin wannan asusu da sunan miji da mata duka. Bankuna da yawa ba su tsaya tantance wace ce mata, wane ne ɗa ko ƙane ba, suka riƙa aika sunan duk wanda aka ƙara. Da intanet ta zo 'yan dabara suka mai da abin kasuwa. Mai tsohon kati marar tabo ya karɓi kuɗi, a liƙa sunan wanda bai taɓa gani ba a asusunsa na ɗan lokaci, makin wancan ya tashi, ko katin ba a miƙa masa. A 2007 masu makin FICO suka ce za su daina lissafa irin waɗannan asusu gaba ɗaya, a 2008 suka janye saboda dokar matan nan, suka ce za su dai rage tasirin na haya.

Na ce wa yaron eh, yana amfani, amma da sharaɗi. Sai in bankin yayan yana aika sunansa ga masu tara tarihin, don ba kowanne ke yi ba. Sai in katin ya kwana biyu, ana biya a kan lokaci, ba a cika shi har wuya. In yayan ya makara da biya, tabon kan iya fitowa a takardar ƙanen, sai dai shi yana da gatan da yaron Kwari ba shi da shi, yana iya cewa a cire sunansa. Bankin da zai je kuma yana ganin alamar asusun ba nasa ba ne, zai tambaye shi abin da yake samu. Wanda bai kai shekara 21 ba ma, wata dokarsu ta 2009 ta ce sai ya nuna hanyar samun kansa ko ya kawo mai tsaya masa. Ƙaramin kati za su fara ba shi, na ce ya karɓa, kar ya raina. Abin da kwamfutarsu ba ta iya ba shi ne duba watan Hajji. Ba ta bambanta ƙanen da ke tura wa yayansa kuɗin abin da ya saya duk wata da wanda katin ke kwance a durowarsa.

A nan gida katin bashi bai zama ruwan dare ba. Abin da ke aljihun ɗan Kwari katin cirar kuɗinsa ne, kuma da yawansu ko an ba su na bashin ba za su karɓa ba saboda kuɗin ruwa. Amma injin tara tarihi ya riga ya kafu. Babban Banki ya ba kamfanoni uku lasisi, CRC da CreditRegistry da wanda yanzu ake kira FirstCentral. An ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, an sa hannu a dokar bayar da rahoton bashi a Mayun 2017, daga Agustan 2020 kuma banki na iya cire bashinsa daga asusun mutum na wani banki, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Duk wannan bashin da mutum ya ci da sunansa yake gani, har da 'yan dubban da ya ranta a manhajar waya ya manta. Shekara goma ta riƙon kantin wani ba ta da gurbi a ciki. Abin da ya ɗan canza shi ne tiransifa. Yanzu masu sari kan tura kuɗi asusun yaro, sai takardar bankinsa ta nuna miliyoyi na shiga suna fita. Ma'aikacin banki da ya san kasuwa ya san na Alhaji ne, wanda bai sani ba ya ba da rance a kansu.

Inda tsohon tsarin ke da sauran ƙarfi shi ne harkar fata a Challawa, kuma can daga kamfani kuɗi ke fita, irin na zamanin gyaɗa. Gab da Babbar Sallah kamfani zai ba babban dila kuɗi, dila ya raba wa yaransa, su bazu Sakkwato da Gusau da Maraɗi da kasuwannin ƙauye da buhunan gishiri, suna tara fatun layya kafin su lalace. Mai tantance fata a bakin sito, wanda ke ɗaga kowacce ya duba yankan wuƙa da tabon ƙurji, ya san kayan wane yaro ne ke zuwa da isasshen gishiri, na wane ne ake cusa ruɓaɓɓu a tsakiya. In yaron ya zo neman a ba shi kuɗi da sunansa, mai tantancewar ake fara kira ofis, sannan a buga wa tsohon ubangidansa waya a ji ko zai tsaya masa, kuma har nawa.